FASHIN BAƘI: Abin da 'shut down' ke nufi, daga kan iyakar Illela zuwa filin kamfen

Tsakanin 2019 da 2024, sau biyu ana rufe kan iyakar Illela da ke Jihar Sakkwato na tsawon watanni, kuma a duka lokutan biyu kafafen yaɗa labarai na Turanci sun yi ta nanata 'shut down' a rahotanninsu. Da ita aka ba da labarin katse layukan waya a Zamfara da Sakkwato a 2021. Da ita aka ba da labarin kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa a 2024. Da ita ɗin dai kuma magoya bayan 'yan siyasa ke kurarin cewa gwaninsu ya tara jama'ar da ba a taɓa gani ba.

A Najeriya da Turanci ake fara rubuta doka da sanarwar gwamnati, fassara takan biyo baya. Shi ya sa matashin da ke bibiyar siyasa a wayarsa ya zama tafintan gidansu da majalisarsu: shi zai karanta, ya faɗa wa dattawa abin da aka ce. Idan ya ɗauki kowace 'shut down' a matsayin "an rufe" kawai, yana iya hana ɗan kasuwa ɗaukar kayansa a ranar da hanya take buɗe, ko ya tura shi a ranar da take toshe. Kalmar ba ta faɗin wanda ya tsayar da abu, ko iyakar abin da aka tsayar, ko tsawon lokacin da za a ɗauka. Waɗannan sai mai karatu ya tono su da kansa.

Wace irin kalma ce?

Malaman nahawun Turanci na kiran irinta 'phrasal verb', wato aikatau da ake haɗawa da wata 'yar ƙaramar kalma kamar 'up', 'down', 'off' ko 'out', su biyun su ba da ma'anar da ba lallai a same ta a jikin ɗayansu shi kaɗai ba. Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kowa ya san "ci", amma cin amana daban, cin kasuwa daban, cin zaɓe daban, kuma babu ɗaya daga ciki da ake yi da haƙori. Haka ma sa hannu, sa baki da sa ido.

'Shut' ita kaɗai rufewa ce irin ta ƙofa, taga ko ido. Da zarar an ƙara mata 'down', sai maganar ta tashi daga kan ƙyaure ta koma kan aikin da ake yi a bayansa. Mai shagon da ya ja ƙofa ya tafi sallar Azahar 'shut' kawai ya yi. Ranar da aka ce 'the shop has been shut down', ciniki ne ya tsaya gaba ɗaya, ko da ƙofar tana hangame. Gundarin ma'anar ke nan: tsayar da aiki cak. Duk sauran ma'anonin daga nan suka yi reshe.

Kashe na'ura

Wannan ce ma'anar da yawancin matasa suka fara cin karo da ita, domin a rubuce take a fuskar kwamfuta. 'Shut down the computer' na nufin a kashe ta ta hanyar da ta dace, ba a fizge mata waya ba. Haka ake faɗa wa janareta, injin niƙa, ko matatar mai. A watan Mayun 2025 kamfanin NNPC ya sanar da tsayar da matatar Fatakwal domin gyara, kuma 'shutdown' ya kira abin. A bakin injiniya kalmar ba lallai ta zama mugun labari ba, sau da yawa tsararren aiki ne mai ranar farawa. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne ya riƙe ranar da aka ce za a gama, ya tambaya idan ta wuce.

Hukuma ta rufe: darasin Illela

Illela na da nisan fiye da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, kuma tsakaninta da Birnin Konni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar 'yar gajeriyar tafiya ce a kan babur. Harshe ɗaya ake yi a garuruwan biyu, ga auratayya, ga kasuwa. Shanu, tumaki da raƙuma na gangarowa daga arewa zuwa kara, hatsi da kayan masarufi na haurawa. Direbobi, 'yan kamasho, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, dillalai, 'yan canjin sefa da mata masu sayar da abinci duk da wannan zirga-zirga suke ci. Idan an ce 'shut down' a Abuja, a tukunyarsu ake fara jin ta.

Sai dai abin da ya faru daga 2019 ya nuna cewa rufewar hawa-hawa ce. A ranar 20 ga Agusta, 2019, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da abin da ta kira 'Exercise Swift Response', ta bayyana shi da atisayen haɗin gwiwa na jami'an tsaro a kan iyakoki, ta kuma ce rufewar 'partial closure' ce, wato ta wani ɓangare. A watan Oktoba shugaban hukumar kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya sanar da haramta shigo da kowane irin kaya ko fita da shi ta iyakokin tudu. A watan Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya shafi garin Illela kai tsaye. A watan Maris na 2020 kuma, saboda annobar korona, aka hana mutane ma ƙetarewa.

Matakai huɗu ke nan daban-daban: na farko tsaurara bincike da taƙaita wucewa, na biyu hana kaya, na uku hana mai, na huɗu hana mutane. Duk wanda ya tsaya a kan 'border shutdown' ba zai bambanta su ba, alhali ga mai kai albasa da mai zuwa ta'aziyya Konni bambancin shi ne komai.

Akwai kuma siyasa a zaɓen kalma. Gwamnati kan fi son lafazi mai laushi irin 'partial', 'temporary' ko 'drill', domin su nuna abin na ɗan lokaci ne kuma yana hannunta. 'Yan jarida da 'yan adawa kan ɗauki 'shut down' saboda kaifinta. Atisayen da aka fara a Agustan 2019 bai saki Illela ba sai ranar 16 ga Disamba, 2020, lokacin da Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta sanar da buɗe ta tare da Seme, Maigatari da Mfum. Kusan wata 16 ke nan. Jibiya da Kamba sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe su.

Karo na biyu ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Sojojin da suka karɓi mulki a Yamai su suka fara rufe iyakokin Nijar. Sannan a ranar 30 ga Yuli, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka yanke shawarar rufe iyakokin tudu da na sama tsakanin ƙasashensu da Nijar. Wato ƙofa ɗaya ce, amma kowane ɓangare ya sa mata sakata ta wajensa. Jumlar 'the border has been shut down' ba ta nuna wannan, domin ginin jumlar ya ɓoye mai aikin, kamar yadda "an rufe" ke ɓoye shi a Hausa. Ga mai son ya san wanda zai tuhuma, wannan ɓoyewar ba ƙaramin abu ba ce.

Katse layukan sadarwa

Idan aka haɗa kalmar da waya ko intanet, fassarar da ta dace ita ce katsewa ko toshewa. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umurci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, domin yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata a karon farko, amma abin ya zarce haka nesa. A cikin watan dai Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. 'Network shutdown' ko 'telecom shutdown' aka riƙa kiran sa.

A nan ma akwai abin lura. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana amfani da Twitter a watan Yunin 2021, 'suspend' ta ce, wato dakatarwa. Kamfanin bai daina aiki a duniya ba, hanyar isa gare shi daga Najeriya aka toshe, har zuwa 13 ga Janairu, 2022. Wanda ya fassara labarin da "an rufe Twitter" ya faɗi abin da bai faru ba.

Durƙushewa

Wani lokaci babu hukumar da ta ba da umurni. 'The factory shut down' na nufin masana'antar ta daina aiki da kanta, ko don tsadar wuta, ko rashin ciniki, ko bashi. Haka masaƙun Kaduna da masana'antu da dama na Sharaɗa da Bompai a Kano suka yi. Hausa na da kalmar da ta fi dacewa da wannan: durƙushewa. Kalma ɗaya tak ke raba ma'anonin biyu a Turanci. 'The company shut down', kamfanin ya durƙushe ko ya rufe kansa. 'The company was shut down', wani ne ya rufe shi. Wannan 'was' ita ce ke nuna akwai hannun wani a ciki.

Likitoci ma na amfani da ita ta wannan fuska. 'His kidneys are shutting down' na nufin ƙodarsa na daina aiki.

Tsayar da al'amura da gangan

Ƙungiyoyin ƙwadago da masu zanga-zanga kan yi barazanar cewa za su 'shut down the economy' ko 'shut down the country'. Ba ƙofa za su garƙame ba, nufinsu su tsayar da harkoki har gwamnati ta saurare su. A ranar 3 ga Yuni, 2024, da NLC da TUC suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, ma'aikatan lantarki sun kashe babban layin wuta na ƙasa, aka kuma tsayar da tashin jirage a manyan filayen jirgin sama. Rahotanni sun ce 'labour shuts down national grid'. Wannan ya sha bamban da 'grid collapse' da aka saba ji, wanda ke nufin layin ya faɗi da kansa saboda matsalar na'ura. Duhun iri ɗaya ne, amma a na farko akwai wanda ya yanke shawara, a na biyu kuwa gazawa ce.

A Amurka 'government shutdown' na da ma'ana ta musamman. Idan majalisa da shugaban ƙasa suka kasa daidaitawa kan kuɗin gudanar da gwamnati, ma'aikatun da ba na dole ba kan dakatar da aiki, a tura ma'aikata gida ba albashi har sai an sasanta. Wanda aka yi daga 22 ga Disamba, 2018, zuwa 25 ga Janairu, 2019, ya ɗauki kwana 35, kuma musabbabinsa rigimar kan iyaka ce: kuɗin katangar da Donald Trump ke son ginawa tsakanin ƙasarsa da Mekziko. Ba juyin mulki ba ne, gwamnati ba ta rushe ba, sojoji da jami'an tsaro kuma ba su bar bakin aiki ba.

Cika wuri maƙil

Ga ma'anar da ta fi ruɗa dattawa. A Turancin matasa, musamman a Facebook, X da TikTok, idan aka ce mawaƙi ko ɗan takara 'shut down' wani gari, yabo ne. Ana nufin jama'a ta yi cikar kwari, ba masaka tsinke, har ababen hawa suka kasa motsi. Wanda ya rubuta 'our candidate shut down Sokoto today' cewa yake gwaninsu ya cika Sakkwato ya batse, ba wai ya sa dokar hana fita ba.

Irin wannan jumla ta kamfen ce, ba rahoto ba. Babu wanda ya ƙirga mutanen, kuma taron da ya toshe titi ɗaya a Sakkwato ba shi ne ƙuri'ar da za a ƙirga a rumfunan zaɓe na Illela, Gada ko Gwadabawa ba.

Toshe bakin mutum

Idan mutum ne aka yi wa, ma'anar ita ce an katse masa hanzari, an hana shi ƙarasa magana. 'The chairman shut him down' na nufin shugaban zama ya gwale shi. Ana jin haka a rahotannin majalisa idan an kashe wa ɗan majalisa makirufo ko an ƙi ba shi dama. 'She shut down the rumour' kuwa na nufin ta kashe jita-jitar da amsa mai gamsarwa. A ƙwallon ƙafa, ɗan bayan da ya hana ɗan gaba sakat, shi ma an ce ya yi 'shut him down'.

'Yan uwanta da ake rikita su da ita

'Lock down' ta shafi mutane: a tsare su a gida ko a unguwa, kamar dokar kullen da aka sa wa Legas da Abuja daga 30 ga Maris, 2020. 'Close down' ta fi karkata ga rufewa ta dindindin. 'Seal off' ita ce garƙamewa, hukuma ta sa kwaɗo ko ta kewaye wuri da jami'ai. 'Cut off' yankewa ce, kamar yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a farkon Agustan 2023. 'Shut out' hana shiga ce, kamar ɗan takarar da aka hana shiga zaɓen fidda gwani. 'Shut up' kuwa "rufe mana baki" ce, kuma tsawa ce da ba a yi wa na gaba.

Mafi haɗari ita ce 'shot down'. A bakin yawancin 'yan Najeriya furucinta da na 'shut down' kusan ɗaya ne, amma asalinta 'shoot' ne, wato harbi. Da 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin sojin saman Najeriya a yankin iyakar Zamfara da Kaduna a watan Yulin 2021, 'shot down' aka rubuta. Idan aka ce 'the bill was shot down', an yi watsi da ƙudirin ke nan a majalisa. Harafi ɗaya ne tsakanin tsayar da jirage a fili da harbo jirgi daga sama.

Yadda ake gina jumla da ita

'Shut' ba ta sauya siffa saboda lokacin da ya wuce. 'They shut down the market yesterday' daidai ne, babu wata kalma 'shutted'. Ana iya raba ta biyu: 'shut down the border' da 'shut the border down' duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: 'shut it down', ba 'shut down it' ba. Idan aiki ne, kalma biyu ake rubutawa. Idan suna ne, a haɗe take: 'the shutdown lasted months'.

Kanun labarai kuma na da nasu nahawun, kuma a nan jita-jita ta fi samun kafa. 'Government shuts down market' na nufin an riga an rufe, duk da siffar jumlar ta yanzu ce. 'Government to shut down market' na nufin za a rufe nan gaba. 'Threatens to shut down' barazana ce kawai. 'May shut down' hasashe ne. 'Orders shutdown' umurni ne da aka bayar, wanda mai yiwuwa bai kai ga jami'an da ke bakin aiki ba tukuna. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke faɗuwa a hanya idan labari ya shiga WhatsApp, sai barazana ta iso kasuwa a matsayin abin da ya riga ya auku, farashi ya tashi kafin gaskiya ta iso.

Kafin ka tura wa wani

Duk lokacin da ka ci karo da 'shut down', akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ka samu amsarsu kafin ka fassara wa kowa. Wa ya tsayar: gwamnatin tarayya, ta jiha, ƙasar maƙwabta, ƙungiyar ƙwadago, ko abin ne ya tsaya da kansa? Me aka tsayar: mutane, kaya, mai, ko layin waya? An riga an yi, ko cewa aka yi za a yi? Har zuwa yaushe, kuma wace kalma sanarwar asali ta yi amfani da ita?

Tambayoyin nan ba sa ƙarewa ranar da aka ga 'reopen' a kanun labari. Da aka buɗe Illela a Disamban 2020, haramcin shigo da shinkafa 'yar waje da kaji bai tashi ba. A 2024 kuma, ECOWAS ta ɗage takunkuminta a ranar 24 ga Fabrairu, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyakokin Najeriya da Nijar a ranar 13 ga Maris, amma hukumomin Yamai ba su zare tasu sakatar ba sai bayan fiye da mako guda. A tsakanin waɗannan ranaku, direban da ya ji "an buɗe" ya ɗauko lodi daga Sakkwato zai wuce shingen Illela, ya tarar da na Konni a rufe.